Guntun Fim a Naɗin Hulata

Ranar da na sauka Bombay na gane cewa Indiyancin da nake taƙama da shi a Gombe ba zai saya mini ko kofin shayi ba. Shekara da shekaru ina ɗakin inji a silimar Alhaji Ɗanlami, ina leƙen fim ta 'yar taga, har na haddace yadda ake ce wa budurwa ana son ta, da yadda ake ce wa mugu kwanansa ya ƙare. Samarin unguwar Jekadafari ma Habu Ba'indiye suke kirana, ni kuwa ina amsawa da fankama. Sai ga ni a tsakiyar Indiyawan gaske, fitsari ya matse ni, ba ni da kalmar da zan tambayi makewayi da ita.

Abin da ya kai ni shi ne kuɗin man fetur. A lokacin sun fara shigowa ƙasa, kowane ɗan kasuwa yana jin bai kamata a fi shi ba. Alhaji ya gaji da tsofaffin faya-fayan fim da ake aiko mana daga Kano bayan kowa ya gama yagalgala su, ya ce sai ya sami yaronsa na kansa da ya iya gyaran injin majigi tun daga tushe, wanda kuma zai riƙa zaɓo masa fim da idonsa. Ana cikin haka wani dillali mai suna Mista Lal ya zo har gidansa a Shamaki, ya ci tuwon shinkafa ya yaba, ya ce ai shi makarantar koyon wannan aiki gare shi a Bombay. Alhaji ya biya, ni kuma aka ɗora ni a jirgi.

Makarantar dai wani ɗaki ce a saman shagon tela, da kujera ɗaya da fanka wadda ba ta juyawa. Mista Lal ya tarbe ni da fara'a kamar ɗan ƙanensa. Ya ce garin nan ɓarayi sun yi yawa, in kawo tikitin komawata ya adana mini. Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Bayan 'yan kwanaki ya ce ainihin ma'aikatar tana Kalkata wajen yayansa, ya rubuta mini sunan unguwa, ya raka ni tasha, ya saya mini gyaɗa. Ban ƙara sa shi a idona ba, kuma har yau in na ga mutum mai yawan murmushi sai in dafe aljihuna.

Jirgin ƙasan ya yi ta tafiya har na daina tambaya. Da farko taragon cike yake da hira da dariya, wata tsohuwa ta ga ba na cin komai ta tura mini gurasa da wani yaji da ya sa ni hawaye, ta yi ta dariya tana shafa kaina kamar jikanta. Ina kallon gonaki ta taga ina tuna fadamun Kwadon, inda kawuna yake noman albasa, sai kewar gida ta taso mini. Amma da muka doshi gabas sai hirar ta fara raguwa. A kowace tasha 'yan sanda masu bindiga suna ƙaruwa. Suna shigowa su bi fuskokin samari ɗaya bayan ɗaya, su wuce tsofaffi. A wata tasha suka sauke wani saurayi mai tabarau da ya yi ta koya mini sunayen garuruwa. Jakarsa ta ci gaba da tafiya tare da mu, ba wanda ya taɓa ta, ba kuma wanda ya kalle ta.

Tashar Kalkata ba wurin taka ƙafa. Yaƙi ake yi a ƙetaren iyaka ta gabas, mutane sun kwararo, sun zube a dandamali da ƙullin kayansu, wasu sun tare a cikin manyan bututun siminti a bakin titi, sun rataya tsumma a matsayin ƙofa. Na taɓa ganin irin wannan zaman. Na gan shi a tashar jirgin Gombe shekarar da hankali ya tashi, ranar da maigidana Oga Emeka, wanda ya koya mini aikin inji, ya zo zaurenmu da matarsa ya miƙa wa mahaifina makullin gidansa, suka bi ayarin masu gudu zuwa Kudu. Bayan yaƙin basasarmu Oga ya dawo shi kaɗai. Ya karɓi makullinsa, ya koma ɗakin inji, bai taɓa faɗin abin da ya faru a hanya ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Unguwar da Mista Lal ya rubuta mini akwai ta, yayan nasa ne babu. Na yi kwanaki ina kwana a barandar wani masallaci, ina yawo da rana kamar wanda aka yi wa kurciya. Bangayen garin duk rubutun masu adawa da gwamnati ne da jan fenti. Da safe ma'aikata su shafe da farar ƙasa, washegari ka tarar ya dawo. Wani lokaci sai ka ji ƙara daga wani lungu, masu shaguna su ja ƙofofinsu a tare, titi ya zama wayam, can kuma a buɗe a ci gaba da ciniki kamar ba a yi ba. Ni ba tikiti, ba wanda ya san ni, takardar izinin zamana kuma tana ta cin kwanakinta. Abu ɗaya ne a raina safe da yamma, yadda zan sake ganin Gombe.

Hancina ne ya cece ni. Wata rana ina bin wani lungu na ji warin gawayin fitilar majigi, warin da ko a kabari aka tashe ni zan gane. Na bi wata matattakalar ƙarfe na hau, na tsaya a ƙofar ɗakin injin wata tsohuwar silima. A ciki akwai wani dattijo siriri, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, yana fama da faifai mai nauyi. Na karɓa na ɗora, na zura fim ɗin ta inda ya kamata. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya kalli fuskata, ya zuba mini shayi a ɗan kofin ƙasa. Sunansa Nirmal, mutanen wurin suna ce masa Nirmal Babu, ni kuwa tun ranar na kira shi Baba.

Da guntun Turancinsa da guntun nawa na ba shi labarina. Ya yi tsaki, ya shimfiɗa mini tabarma a bayan inji. Shi ya kai ni ofishin da ake rajistar baƙi ya tsaya mini, ya sa hannu cewa duk abin da na yi a wuyansa. Shi ya lallashi mai silimar ya yarda in yi aiki a bakin abinci, in damina ta wuce a nema mini gurbi a jirgin ruwan da ke zuwa Legas. Sharaɗin ofishin ɗaya ne, duk mako in je su ga fuskata. Jami'in ya faɗa mini a fili, garin nan ba ya buƙatar baƙo mai shiga abin da ba ruwansa, in sunana ya fito a wata magana, ba gida za a mai da ni ba. Ya nuna mini wata ƙofa a ƙarshen baranda da bakin alƙalaminsa.

To, fim ɗin da ake nunawa a lokacin na mutanen Bengal ne, da harshensu, kuma gaskiya ranar farko haushi ya ba ni. Ba dambe, ba doguwar rawa, ba mugu mai gashin baki. Mutum zai tsaya yana kallon kogi har ka yi alwala ka dawo bai juyo ba. Na ce a raina, da a Gombe ne da tuni an karya mana benci. Amma kullum silimar cike take tun nunin rana, tsofaffi da mata da ɗalibai, suna zaune shiru kamar masu sauraron wa'azi.

Rina, 'yar Baba, malamar makaranta ce, ita ke kawo mana abinci da tsakar rana, ita ce kuma ta warware mini labarin. Yarinyar da ke cikin fim ɗin 'yar mai gonaki ce, ba Musulma ba. Saurayin ɗan mai fito da kwalekwale ne, Musulmi, kuma ubansa yana cikin waɗanda ke noma gonar uban yarinyar su ba shi rabin shinkafa, ko an samu ko ba a samu ba. Suna son juna, amma ko hannu ba su taɓa riƙewa ba, sai dai ya tsallakar da ita kogi ta sauka ta tafi. Ana nan sai manya suka zauna a wani gari mai nisa suka ja layi a tsakiyar ƙasar, aka wayi gari gidan yarinyar ya faɗa ɓangaren da ba nata ba.

Na ce, "To ai wannan ba labarin soyayya ba ne, labarin gona ne da iyaka."

Rina ta ce, "A nan ba ma iya raba su. Ka ci abincinka."

Daga nan na fara kallonsa da wani ido, har na zo ina jiran wasu wurare. Sai dai akwai inda yake ci mini rai. A faifai na biyar, yarinyar za ta tsaya a ƙofar gidansu da ƙulli a ka, ta ɗaga hannu za ta rufe, sai hoton ya yi tsalle, ka gan ta a birni tana ɗinki, ta rame. Tsalle ne mummuna, irin wanda kowane mai inji zai ji kunyarsa. Kuma duk lokacin da aka zo wurin, sai 'yan kallo su yi tari gaba ɗaya, tari ɗaya, su yi shiru. A layin ƙarshe kuwa, daidai ƙarƙashin tagata, akwai wani mutum da ke zuwa kullum da baƙar lema, ba ya sayen tikiti. Na lura ba allon yake kallo ba. Ƙeyar mutane yake kallo, ya fi kuma mai da hankali lokacin tarin.

Na tambayi Baba dalilin tsallen. Ya ce haka fim ɗin ya zo, ya juya yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Na tambayi Rina, ta ce ba ta san aikin inji ba. Daga baya na fahimci dalilinsu. Mutumin da ke zuwa gaban jami'ai duk mako, gara kada ya san abin da za a iya matse shi ya faɗa. Don su kare ni suka bar ni a duhu.

Ni kuwa tarbiyyar Oga Emeka ce a hannuna. A Gombe fim yakan zo mana a tsittsinke, kuma Oga yana da doka ɗaya da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ba a yar da guntun fim, komai ƙanƙantarsa. Yana da gwangwani na musamman da yake tarawa, kafin mu mai da faifai sai mun liƙa kowane guntu a mazauninsa. Yakan ce da Hausarsa mai tsalle, "Wanda ya saya tikiti, ya saya duka ne, Habu. Ba ka da iko ka rage masa." Kuma a wajensa yaron kirki ba ya jira a ce masa gyara. In ka ga ɓaraka ka ɗinke, maigida ya zo ya tarar, wannan ita ce godiyar almajirin sana'a.

Wata safiya Baba ya tafi asibitin ido, ina share ɗakin, sai na ɗaga hoton marigayiya matarsa da ke kan 'yar kanta don in goge ƙura. A bayansa na ga gwangwani, irin na Oga sak. Na buɗe, ga naɗin fim mai ɗan tsawo. Na ɗaga wajen taga, ga yarinyar, ga ƙofar, ga hannunta a kan makulli. Wallahi daɗi ne ya kama ni. Na ce ashe tsinkewa ya yi, idon tsohon nan ya raunana, hannunsa yana rawa, ya kasa liƙawa, kunya kuma ta hana shi faɗa wa baƙo. Mutumin da ya ba ni tabarma da shinkafa ya kuma sa wuyansa saboda ni, yau na samu abin da zan saka masa da shi.

Na zauna na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Bakin guntun ya ɗan tauye, na datse hotuna kaɗan daga gefen, na kankare, na shafa gam, na danne. Abin da na datse na cusa a naɗin hulata, don ba a yarwa. Na mai da faifan cikin jerinsa, na mai da gwangwanin bayan hoto, na zauna ina murmushi ni kaɗai kamar Mista Lal.

Baba ya dawo daf da nunin rana, an ɗiga masa magani a ido, yana ta ƙifce-ƙifce. Hadari ya haɗu, garin ya yi duhu da zafi, silimar ta cika maƙil. Mai lema yana mazauninsa. Muka nuna faifai na ɗaya har na huɗu lafiya. Baba da kansa ya ɗora na biyar.

Yarinyar ta tsaya a ƙofa, ta ɗaga hannu. Na ji mutane sun ja numfashi za su yi tarinsu, sai hoton bai yi tsalle ba. Ta rufe ƙofar. Ta juya ta miƙa wa ɗan mai kwalekwale makullin, yatsunsu suka haɗu karo na farko a duk fim ɗin. Daga nan aka nuna bakin kogi, jama'a da ƙulli a ka, ga masu kaki sun tare hanya suna karɓe buhunan shinkafar manoma suna loda wa uban yarinyar a jirgi, wai rabonsa na bana. Wani tsohon manomi ya rungume buhunsa, suka sa masa kulki har ya saki. Mai gonaki ya haye da 'yarsa da shinkafarsa, talakawan da suke addini ɗaya da shi ya bar su a gaɓa tare da waɗanda ba addininsu ɗaya ba, duk suna kallon ruwa.

Ban taɓa jin shiru irin na zauren silimar a ranar ba. Can wata tsohuwa ta fasa kuka daga gaba, kuka mai tsawo irin na makoki. Wani ya miƙe ya faɗi wata kalma, ɗalibai suka amsa, suka miƙe suna dukan kujeru. Na leƙa ƙasa. Mai lema ya tashi a hankali, ya kakkaɓe wandonsa, ya ɗaga kai ya dubi tagarmu, ya fita ba gaggawa. Nan na sha jinin jikina.

Na juya wajen Baba. Yana manne da tagarsa, hannunsa a kan abin kashe inji, amma bai kashe ba. Hawaye na bin kumatunsa. Bai dube ni ba ya ce, "Wa ya koya maka liƙi? Ko ɗinkin ban gani ba."

Na ce, "Baba, na ɗauka tsinkewa ya yi."

Ya ce, "Umarni aka kawo daga hukuma a yanke a ƙone. Na yanke, ban ƙone ba. Haka muka bar gidanmu ni da uwar Rina, maƙwabcinmu muka ba makulli. Ita ba ta ƙaraso ba." Ya share fuska da gefen rigarsa. "Kawo hannunka."

Ya sunsuna yatsuna, warin gam yana nan. Ya ja ni wajen bokiti ya sa sabulu da toka ya dirje mini su da kansa kamar uwa na wanke yaro, ya matse lemon tsamin da ya rage daga abincinmu ya goga. Sannan ya buɗe kwalbar gam ya shafa a yatsunsa goma, ya goga a gaban rigarsa. Duk wannan inji yana ta gudu, ƙasa kuma ihu yana ƙaruwa.

Na ce, "Ba zai yiwu ba, Baba. Ni na yi, ni zan faɗa."

Ya ce, "Ni in sun ɗauke ni akwai mai zuwa ƙofa ta tambaya. Kai wa zai tambaya? Ba ka jin harshenmu, ba ka taɓa faifai ba, shara kake yi. Maimaita."

Ban maimaita ba, domin takalma sun riga sun fara hawa matattakala. Sai a lokacin ya kashe injin.

'Yan sanda da yawa suka shigo, mai lema a bayansu. Babbansu bai ɗaga murya ba ko kaɗan, wannan ma ya fi ba ni tsoro. Ya sa aka warware faifan, ya bi shi da yatsa har ya sami mahaɗin, ya daɗe yana duba shi a haske. Ya dubi hannun Baba mai rawa, ya dubi nawa. Na san ya gane. Ya kama yatsuna ya kai hanci, ya ji lemo. Ya kama na Baba, ya ji gam. Ya tambaye ni da Turanci ko na san abin da ke cikin faifan. Na buɗe baki, sai na ji diddigen Baba a kan babban yatsan ƙafata, ya danna da duk ƙarfin da ya rage masa. Na ce shara nake yi. Muryata ma ban gane ta ba.

Babban nasu ya yi ɗan murmushi, ya ce wa Baba wata magana da harshensu, Baba ya gyaɗa kai. Suka tafi da shi da faifan da gwangwanin. A bakin ƙofa tabaransa ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka aka tura shi gaba. Ni na ɗauka. Ruwan sama ya ɓarke kafin su kai mota.

Da wanda ya tsaya mini ya shiga hannu, zamana ya zama haram. Aka ba ni 'yan kwanaki, aka ce za a sa ni a jirgin kaya mai zuwa Legas, in yi aikin wanke-wanke a bakin kuɗin jirgi. Abin da na yi wata da watanni ina roƙon Allah a kansa ya zo, na kuwa karɓe shi kamar an miƙa mini garwashi. Kwanakin da suka rage na ƙarar da su ina bin Rina daga wannan ofishi zuwa wancan da tabaran Baba a aljihu. Ko'ina amsa ɗaya ce, ba a kawo mai wannan suna nan ba. A kowace ƙofa akwai mata irinta a tsaye da kwanon abinci, wasu sun daɗe suna zuwa har masu gadi sun san su.

Rina ba ta yi mini magana ba duk tsawon yawon nan, ban kuma ga laifinta ba. Ranar tafiyata na gan ta a bakin tashar jirgin ruwa da kwanon da take kawo mana abinci. Na miƙa mata tabaran, ta miƙo mini kwanon. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Na san halin babana, hannunsa yana kan abin kashewa tun farkon wurin. Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

Ta ce, "To kada ka ɗauke masa nasa rabon. Kai ka liƙa, shi ya bari aka gani. Ina jin haushinka, ina jin nasa. Tafi gida."

Na iso Gombe na tarar gari ya sauya. Sababbin motoci a titi, gidajen siminti suna tasowa inda na bari fili, kowa yana maganar kwangila. Alhaji ya yi mini faɗa na ɗan lokaci, sannan ya yi dariya ya ce asarar ba ta kai ta tayar da hankali ba, ai ya riga ya yi odar injuna daga wani wuri. Samarin Jekadafari suka kewaye ni suna tambayar ko na ga 'yan wasa, ko gaskiya ne mata suna rawa a kan titi. Na ce musu eh, don in huta.

Sai bayan kwana biyu na hau ɗakin inji da la'asar. Oga Emeka yana zaune yana goge gilashin fitila. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce na rame. Ban san ta inda zan fara ba, sai na cire hulata, na zaro guntun nan da ya ƙetare teku a kaina, na miƙa masa. Ya kai shi bakin taga ya ɗaga. Hotuna ne kaɗan, duk kusan iri ɗaya, mace da ƙulli a ka, hannunta a kan makulli.

Ya daɗe a haka. Har na fara tunanin ko idonsa ne bai gani ba.

Ya ce, "Wa ta ba makullin?"

Na ce, "Maƙwabcinsu. Ɗan mai kwalekwale."

"Ta dawo?"

"A'a, Oga. A ƙarshen fim ɗin ya tsufa, makullin yana rataye a wuyansa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Babanka ma a wuya ya sa nawa. Na ga igiyar." Wannan ce magana ta farko da na taɓa ji daga bakinsa a kan waccan tafiya. Ya sauke hannunsa, ya juyo ya dube ni irin kallon da yake yi wa fim in yana neman inda ya tsage. "Kai ka dawo. Irin wannan wuri ba a fitowa haka kawai, Habu. Wa ya tsaya a madadinka?"

Na zauna a kan akwatin faifai na ba shi labari tun daga shagon tela har zuwa lemon tsami. Da na zo kan dokarsa ta gwangwani ya rufe ido, ya bar su a rufe har na gama. Sannan ya ce in faɗi sunan tsohon. Na faɗa, ya gwada, harshensa ya karye. Ya sa na maimaita har ya iya.

Ya ce, "Ran Lahadi zan kai sunan nan coci a sa shi a addu'a, tare da na matata. Kai ka kai shi masallaci ran Juma'a."

Ya buɗe gwangwaninsa ya sa guntun a ciki ya rufe. Daga ƙasa aka fara buga ƙofar ƙarfe, 'yan kallo sun fara taruwa. Oga ya ɗora faifai na farko, ni kuma na je tagata, na leƙa layin ƙarshe kafin in kunna fitila. Har na bar aikin silima ban daina wannan leƙen ba, kuma har yau ban sami wanda ya gaya mini ko Baba Nirmal ya koma gida ba.